Layi a Wuya: Rayuwar Malam Isiyaku Hambali Koki, 1947–2023

Haihuwa da asali

An haifi Malam Isiyaku Hambali a unguwar Koki, cikin birnin Kano, a daminar shekarar 1947. Mahaifinsa, Malam Hambali ɗan Audu, marubucin Alƙur'ani ne da hannu, wanda kuma ya yi suna wajen zayyanar allunan sauka, har ana kawo masa allo daga Dala da Shahuci da ƙauyukan da ke kewaye da birni. Mahaifiyarsa, Malama Hasana, ta fito daga wani gidan Fulani na Shahuci da ya daɗe da barin kiwo ya kama fatauci. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya shida, amma biyu kaɗai daga cikinsu suka kai shekarun tsufa: shi da yayarsa Zainab, wadda dangi suka fi sani da Gwaggo.

Ya tashi a soron mahaifinsa tsakanin kurtun tawada da alƙaluman kara, kuma ya iya haɗa jar tawada da rawaya kafin ya iya haɗa baƙi.

Karatun allo da na boko

Ya fara karatun allo a hannun mahaifinsa yana ɗan shekara biyar, aka sa shi firamare a 1955, ya yi saukar Alƙur'ani a 1959. A wannan shekarar ce aka fara sanin yana zane. Ya ɗauki gawayi ya zana wani ɗan dako mai suna Ilu a jikin katangar bayan gidansu, da gammo a ka da ƙafa ɗaya a karkace, kuma duk wanda ya wuce ta lungun sai ya kira sunan mutumin. Malam Hambali ya zo ya duba, ya daɗe a tsaye, sannan ya sa aka kawo ruwa aka wanke. Bai doke shi ba, bai kuma ce masa komai a kai ba har tsawon shekara takwas.

A 1962 Isiyaku ya shiga kwalejin horon malamai, inda wani malamin zane ya lura da hannunsa, ya dinga ba shi takarda da fensir daga aljihunsa. Da ya kammala a 1967, an ba shi gurbin karatun zane-zane a Zariya, kuma tafiyar ba ta yiwuwa sai da iznin mahaifinsa.

Sharaɗin mahaifi

Malam Hambali yana kan ra'ayin malaman da ke ganin bai halatta mutum ya suranta abu mai rai cikakke ba, amma idan an nakasa surar ta yadda mai ita ba zai rayu a haka ba, to nauyin ya sauka. Bayan ya yi shawara da abokan karatunsa, ya kira ɗansa soro a gaban Gwaggo da shaidu biyu, ya ce masa: “Ka tafi. Amma duk abin da ka zana mai numfashi, ka ja masa layi a wuya, ka raba kai da gangar jiki, kafin ya fita daga hannunka. Ina raye ko ba na raye.” Isiyaku ya ɗauki alkawari, aka shafa fatiha.

Wannan sharaɗi shi ne ya zama alamar aikinsa na shekara hamsin da shida. Duk wanda ya san zanensa ya san siririn jan layin nan da ke ratsa wuyan kowane mutum da doki da jaki da ya zana, daga wannan gefe zuwa wancan, da fentin da ba ya goguwa.

Shekarun Zariya

Ya yi shekara huɗu a Zariya, daga 1967 zuwa 1971, inda ya ƙware a zanen jikin ɗan Adam da fensir da gawayi, daga baya kuma a fentin mai. Malamansa sun yarda babu ɗalibin da ya kai shi kama yanayin mutum yana ɗauke da kaya, yadda nauyi ke sauka daga ka zuwa wuya zuwa ƙugu. Sun kuma yarda layin yana ɓata aikin, kuma sun dinga rage masa maki a kansa. 'Yan ajinsa suka laƙaba masa Sarkin Fawa, sunan da ya bi shi har Kano. Ya fita da sakamako na matsakaicin daraja, ya ce ba shi da ƙorafi, domin an gaya masa ƙa'idar tun farko.

Koyarwa da buɗe ɗakin hoto

Daga 1971 zuwa 1974 ya koyar da zane a wata sakandaren gwamnati a wajen birni. A tsakanin nan wani kamfanin buga littattafai ya ba shi aikin zana hotunan littafin karatun yara, ya zana guda sittin, aka dawo masa da su gaba ɗaya da bayanin cewa ba a nuna wa yara mutane da yankakken wuya. Wannan ya tabbatar masa cewa zane kaɗai ba zai ciyar da shi ba, sai ya juya ga kyamara, wadda ya ɗan koya a Zariya.

Ya kai maganar gaban mahaifinsa. Malam Hambali ya sa aka kawo masa kyamarar, ya leƙa cikinta, ya tambayi yadda take aiki, sannan ya yanke cewa wannan kama inuwa ce kamar yadda madubi ke yi, ba hannun mutum ne ya ƙaga surar ba, saboda haka babu layi a kanta.

A watan Oktoban 1974 ya bar koyarwa ya buɗe ɗakin ɗaukar hoto a bakin titin Koki. Galibin aikinsa ƙananan hotunan maniyyata aikin hajji ne, da na 'yan makaranta, da na iyalai ranar salla. Labulen baya da kansa ya zana shi: gidan bene, da jirgin sama, da tukwanen furanni, babu ko tsuntsu ɗaya. A ranakun da babu ciniki yakan rataya kyamara ya zaga marina da majema da maƙera da rumfunan kasuwar Kurmi yana ɗaukar mutane a bakin aikinsu. Waɗannan hotuna baƙi da fari, da suka haura dubu tara, su ne a yau masu bincike suka fi nema daga cikin ayyukansa.

Aure na farko

A 1976 ya auri Safiya, 'yar Alhaji Usaini mai saƙa na unguwar Dala. A hoton bikin guda ɗaya da aka ɗauka, amarya tana lulluɓe da mayafi har ƙirji kamar yadda aka saba, ba a ganin komai nata sai lallen yatsu. Bayan ta tare, ya sha yi mata maganar ta zauna ya ɗauke ta, tana cewa ai mai hoton a gida yake, ba gudu zai yi ba. Da ta samu ciki ya sake tayar da maganar, ta ce ya bari ta haihu kumburin fuska ya sauka, kada 'yan baya su ɗauka haka take.

Ta haihu a watan Afrilun 1978, ta rasu kwana uku bayan haihuwar sakamakon zubar jini, tana da shekara ashirin da ɗaya. Ba ta bar hoton fuska ko ɗaya ba, a gidan mijinta ko a gidan iyayenta. An raɗa wa jaririyar sunan mahaifiyar Isiyaku, Hasana, ake kiranta 'Yardada, kuma Gwaggo ce ta raine ta a cikin gidan na Koki.

Aure na biyu da rasuwar mahaifi

A 1981 ya auri Husaina, 'yar wani malamin firamare daga Shahuci, wadda ta haifa masa 'ya'ya huɗu kuma ta zauna da shi har ƙarshen rayuwarsa. Ya ɗauke ta hoto a makon da ta tare, bai jira ta amince da ranar ba.

Malam Hambali ya rasu a 1983. Bayan addu'ar arba'in, wasu abokan karatun Isiyaku na Zariya sun zo masa da shawarar cewa tunda tsoho ya tafi, lokaci ya yi da zai daina yanka mutane ya yi zane irin na kowa. Wasu malamai kuma da ya zauna da su sun nuna masa cewa mas'alar tana da saɓani, akwai masu sassauci akwai masu tsanantawa fiye da mahaifinsa. Amsarsa ga duka ɓangarorin ɗaya ce: shi ba fatawa yake bi ba, alkawari ya yi, kuma wanda zai iya warware masa shi yana kwance a maƙabartar Ƙofar Mazugal.

Zanen 'yan dako da baje kolin Legas

Tsakanin 1984 da 1990 ya yi aikin da aka fi saninsa da shi, wato zane arba'in da biyu na fentin mai da ya kira Masu Kaya. Dukansu 'yan dakon Kurmi ne, mutanen karkarar Kano da Katsina da Haɗeja, kuma kowane zane yana ɗauke da sunan mai shi da garinsu a baya. Yakan kira mutum ya zo ya ga kansa idan an gama. An ruwaito cewa wani daga cikinsu, da ya ga jan layin a wuyansa, ya ce: “Malam, ashe yanka ni ka kira ni ka yi? To ai da ka fuskantar da ni alƙibla.” Malam Isiyaku ya rubuta maganar a bayan zanen, a ƙarƙashin sunan mutumin.

A 1992 wani gidan baje kolin zane a Legas ya nemi ya aika da ashirin daga ciki. Ya aika da su wata biyu kafin ranar buɗewa. A can akwai wani ƙwararren mai gyaran tsoffin zane da aka ɗauka don ya shirya su, wanda ya ga layin ya ɗauka ɓarna ce da wani ya yi a hanya ko a wurin ajiya, ya zauna cikin haƙuri ya rufe shi da fenti mai launin fata a zane goma sha ɗaya. Aikin ya yi kyau ƙwarai, har ba a gane inda layin yake.

Malam Isiyaku ya isa Legas da safiyar ranar buɗewa. Da ya zaga ya ga abin da aka yi, bai ɗaga murya ba. Ya fita ya nemo burushi da jan fenti, ya dawo baƙi sun fara shigowa, ya bi zane goma sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya ya mayar wa kowanne layinsa a gaban jama'a. Mai gidan ya roƙe shi ya dakata, ya ƙi. Masu saye biyu da suka riga suka zaɓi nasu suka janye, kuma ba a sake gayyatarsa Legas ba sai bayan shekara goma sha huɗu. Daga baya ya rubuta wa mai gyaran wasiƙa yana yaba hannunsa, yana kuma ba shi haƙuri a kan wahalar da ya sha a banza.

Zanen Safiya

A 1990, 'Yardada tana da shekara goma sha biyu, ta shiga ɗakin hoto ta tarar da shi yana jera hotunan mutane a kwali, ta ce: “Baba, duk Kano kana da fuskarsu a akwati, ban da ta uwata.” Wannan ne karo na farko da ta yi masa maganar mahaifiyarta. Cikin makon ya fara zanen Safiya daga abin da ya rage a ransa.

Aikin ya ɗauke shi shekara takwas. An ƙidaya gwaji saba'in da uku na fensir a cikin takardunsa. Gwaggo ce alƙaliyar aikin, kuma ba ta da sassauci: takan duba ta ce wannan hancin na Husaina ne, ko ta ce Safiya ba ta taɓa kallon mutum kai tsaye haka ba, ko ta ce, “Kai dai ka iya 'yan dako.” Ya je Dala ya zana ƙannen marigayiyar mata biyu don ya kama goshi da haɓa, ya zana 'Yardada kanta ba tare da ya gaya mata dalili ba. A farkon 1998, wata uku kafin auren 'Yardada, ya gama zanen da fentin mai a kan allon katako: mace zaune a bakin ƙofar ɗaki, kallabi ya ɗan zame, tana kallon gefe kamar an kira ta. Da Gwaggo ta gani sai ta yi salati ta fita daga ɗakin. Ba ta kawo gyara ba.

Nufinsa ya sa zanen cikin kayan ɗakin amarya. Abin da ya rage shi ne layin, kuma bai ja shi ba. Husaina ta shaida cewa ya haɗa jan fenti fiye da sau ɗaya, ya bar shi ya bushe a faranti. Sharaɗin mahaifinsa ya ce kafin zane ya fita daga hannunsa, saboda haka muddin allon yana ɗakinsa bai saɓa ba. Ba zai iya bayar da shi babu layi ba, ba zai kuma iya ratsa wuyan Safiya da ja ba. Aka kai amarya babu zanen.

Haka aka zauna shekara ashirin da biyar. Allon yana jingine a ɗakinsa, fuskarsa ga bango. 'Yardada, wadda ta karanci aikin ungozoma ta kuma zauna da mijinta a Dala, tana da izni ta zo ta juya shi ta kalla duk lokacin da ta so, daga baya har da 'ya'yanta, amma ba ta da iznin fita da shi. Da wayoyi masu kyamara suka zo ta nemi ta ɗauka a waya, ya hana, ya ce wannan ma fita ce. Ta ce ya ja layin kawai ya ba ta, ita ta yarda. Ya ce ba yardarta ce ta rage ba. An samu shekara guda, 2007, da ta daina shiga ɗakin gaba ɗaya, tana gaishe shi daga tsakar gida. Gwaggo ta rasu a 2011 ba ta ga ƙarshen maganar ba.

Shekarun baya

Cinikin ɗakin hoto ya ja baya tun daga farkon shekarun 2000, ya rufe shi a 2009, aka mayar da wurin shagon cajin waya. Ya ci gaba da koyar da zane kyauta a soron gidansu ranakun Asabar, kuma bai taɓa ɗora wa ɗalibi ko ɗaya sharaɗin layi ba, yana cewa ba su aka kira soro ba. Ya sauke farali a 2005. A 2013 aka yi masa aikin yana a ido biyu, ganinsa ya dawo, amma hannunsa ya fara rawa, kuma zanensa na ƙarshe na fenti yana ɗauke da kwanan watan 2015.

A 2016 tsoffin ɗalibansa suka shirya baje kolin ayyukansa a Kano, karo na farko da aka haɗa zane da hotunansa wuri ɗaya. Sun nemi ya ba su zanen Safiya, wanda labarinsa ya riga ya bazu, ya ƙi. Daga 2018 zuwa 2021 babban ɗansa Auwalu ya jagoranci kwafe hotunan dubu tara zuwa kwamfuta, Malam Isiyaku yana zaune a gefe yana faɗar sunan duk wanda ya tuna.

Jinya da rasuwa

Ciwon ƙoda ya kwantar da shi a ƙarshen 2022. An yi ta kai shi asibiti wankin ƙoda har zuwa ƙarshen Janairun 2023, lokacin da ya nemi a bar shi a gida.

Da hantsin ranar Alhamis, 9 ga Fabrairu, 2023, ya sa aka kira 'Yardada daga wurin aiki. Husaina da Auwalu suna ɗakin. Ya ce a juyo allon a ɗora masa a cinya. Auwalu ya tashi zai ɗauko akwatin fenti, ya ce masa ba shi ba, ya nuna gwangwanin fensira da ke kan taga. 'Yardada ta riƙe allon, ya dafe hannun damansa da na hagu, ya ja layi da fensir daga wannan gefen wuya zuwa wancan. Layin ya karkace saboda rawar hannu, amma ya kai ƙarshe. Sannan ya laluba cikin gwangwanin ya ciro kilinar goge fensir ya sa mata a tafin hannu, ya ce: “Ni na cika nawa. Ke ba ki yi wa kowa alkawari ba. Ɗauki uwarki ki tafi da ita.” Ta fita da allon a ranar, a cikin adaidaita sahu, lulluɓe da mayafinta.

Malam Isiyaku Hambali ya rasu da safiyar Talata, 14 ga Fabrairu, 2023, daidai da 23 ga Rajab, 1444, yana da shekara saba'in da biyar. An yi masa salla a ƙofar gidansu da ke Koki bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar Ƙofar Mazugal, inda mahaifinsa da Safiya da Gwaggo suke. Cikin waɗanda suka ɗauki makararsa akwai 'ya'yan 'yan dakon da ya zana.

Ya bar matarsa, Hajiya Husaina, da 'ya'ya biyar: Hasana 'Yardada, ungozoma, Auwalu, ma'aikacin ɗakin karatu, Halima Sadiya, malamar sakandare, Anas, mai sayar da kayan gini, da Ibrahim, mai ɗaukar hoton bukukuwa. Ya bar jikoki goma sha tara. Zanensa da aka iya ƙidayawa ɗari biyu da shida ne, kuma babu ɗaya da ya fita daga hannunsa babu layi.

Zanen Safiya yana rataye a falon 'Yardada a Dala. Kilinar tana ɗaure da zare a jikin ƙusar da ke riƙe da shi. Har zuwa lokacin rubuta wannan tarihi, layin yana nan. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan waɗanda suka riga shi.